Ciwon yawan ci ba haɗama ba ce

Malam Edita, dan Allah a ba ni fili. Ƙanwata sai dare ya raba take shiga kicin ta cinye tuwo har ƙanzo, ba yunwa take ji ba, kasa tsayawa take, bayan nan ta zauna tana kuka, mu kuma a gida muna ce mata acici, wallahi abin na cina a rai. Ashe ciwo ne, tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ware shi a littafinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa, in ana yi ko sau ɗaya a sati har wata 3. Mai irin wannan ya je asibitin Malam Aminu Kano ko na Barnawa a Kaduna, zama ake da likita ana tattaunawa.

Mai karatunku daga Kano