A daina mantawa da tsofaffin ma'aikata idan za a sauya ƙa'idar fansho

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan asusun ritaya da wasu kamfanoni da ƙungiyoyi ke buɗe wa ma'aikatansu, ƙari a kan abin da ake zubawa a CNSS, wato asusun kula da fanshon ma'aikata na ƙasarmu Nijar, musamman kan abin da ke samun wanda ya riga ya bar aiki a lokacin da aka sauya ƙa'idojin asusun.

A irin wannan asusu kuɗi biyu ne ke haɗuwa: wanda ake cirewa daga albashin ma'aikaci, da wanda mai aiki ke ƙarawa daga aljihunsa. Na farkon gumin ma'aikaci ne, babu gardama a kansa. Na biyun kuwa sau da yawa ana ɗaure shi da sharaɗin shekaru, wato ba ya zama mallakin ma'aikaci sai ya cika wani wa'adi a wurin, in kuma ya tafi kafin lokacin, kason ya koma hannun kamfani. Wannan wa'adi shi ake sauyawa, wani lokaci a rage, wani lokaci a ƙara, kuma galibi a ɗakin taro ake yanke shawarar, inda babu wanda ke magana da yawun waɗanda suka tafi.

Na yi aikin akanta shekaru masu yawa, kuma na ga yadda abin ke ƙarewa. Wani direba da muka yi aiki tare ya bar wurin bayan shekara huɗu saboda ciwon baya, a lokacin wa'adin shekara biyar ne. Ba da jimawa ba aka mayar da shi uku. Da labari ya kai masa sai ya zo ofis da takardun albashinsa a cikin leda, ya jera su wata-wata an ɗaure da roba, yana ganin yanzu ya cancanta. Aka ce masa sabuwar ƙa'ida ta waɗanda ke bakin aiki ce kawai. Yaron da ya koya wa tuƙin motar, wanda ya shigo bayansa, ya samu kasonsa cikakke, shi kuwa ya koma gida da ledarsa.

Ko a Amurka, inda aka fi tsara wannan lamari a doka, haka take. Bayan rufe masana'antar motoci ta Studebaker a 1963, inda dubban ma'aikata suka rasa yawancin fanshonsu ko dukkansa, ƙasar ta kafa dokar kare fanshon ma'aikata mai suna ERISA a 1974. Wata doka ta 2006 ta tilasta cewa a asusun tara kuɗi irin wannan, kason mai aiki ya zama na ma'aikaci gaba ɗaya bayan shekara 3, ko kuma a riƙa mallaka masa kaɗan-kaɗan har ya cika a shekara ta 6. Sai dai wanda bai yi aiki ko na sa'a ɗaya ba bayan sabuwar ƙa'idar ta fara aiki, tsohuwar ce ke binsa. Abin da ya kamata mu ɗauka daga wajensu shi ne kariyar da suka gindaya ta ɗaya ɓangaren: ba a yarda wani gyara ya rage kason da mutum ya riga ya mallaka ba, kuma wanda ya kai shekara 3 a wurin yana da damar zaɓar tsohuwar ƙa'ida idan ta fi masa.

A nan Damagaram abin ya fi ciwo, domin yawancin ayyukan da matasanmu ke samu a kamfanoni da ƙungiyoyin agaji na kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu a sabunta, har ranar da kuɗin shirin zai ƙare. Mutumin da ba shi ya zaɓi tafiya ba, ta yaya za a hukunta shi da cewa bai daɗe ba? CNSS aƙalla tana tara wa mutum watanninsa ko ya sauya wurin aiki, matuƙar an yi masa rajista ana kuma zuba masa. Asusun kamfani ba ya bin kowa, inda aka bar shi nan yake zama.

Ban ce kada a taɓa ƙa'ida ba, domin kamfani na da damar duba ƙarfinsa. Abin da nake nema daga masu ɗaukar aiki, da ƙungiyoyin ƙwadago, da ofishin kula da ƙwadago na jiharmu, shi ne a wajabta ba kowane ma'aikaci takarda a ranar da zai tafi, tare da takardar shaidar aikinsa, wadda ta nuna abin da ya zuba, da abin da aka ƙara masa, da kason da ya zama nasa, da ƙa'idar da aka yi lissafin a kanta, da sa hannu da hatimi. Idan aka tsawaita wa'adi daga baya, kada ya taɓa abin da ke cikin takardar. Idan aka rage shi, a waiwayi waɗanda aka sallama ba da laifinsu ba da waɗanda rashin lafiya ta zaunar, a kuma sanar da su ta rediyo da Hausa, tunda da yawansu sun koma ƙauyukan Mirriya da Magarya da Matamai, inda takardar da aka liƙa a bangon ofis ba za ta same su ba.

Na gode.

Wani tsohon akanta,
Unguwar Birni, Damagaram