Rediyon jirgin ruwa tuta yake bi, ba tashar da aka ɗaure jirgin ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku don jan hankalin 'yan'uwanmu da Allah ya hore wa suka sayi jirgin ruwan shaƙatawa suka ajiye a Dubai, ko Turkiyya, ko gaɓar Sifaniya. Akasari hankali kan tafi ga inji da inshora da kuɗin wurin ɗaure jirgi, rediyo kuwa a bar wa dillali. Alhali ran da wuta ta tashi ko ruwa ya fara shigowa, shi za a nema.

Ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ke ba da lasisin rediyonsa, ko a ina yake kwana. Jirgi mai rajistar Birtaniya, ko ya shekara goma a Marmaris ta Turkiyya, hukumar sadarwar Birtaniya, Ofcom, ce za ta ba shi lasisi, kuma kyauta ne idan ta intanet aka nema. Tare da lasisin ake samun alamar kira da lambar shaidar jirgi a rediyo, wato MMSI, mai alƙalumma 9, waɗanda ukun farkonsu ke nuna ƙasa: 232 zuwa 235 Birtaniya, 271 Turkiyya, 657 Najeriya. Wannan na jirgi ne. Mai riƙe da rediyon shi ma sai ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa, wadda a Birtaniya ake kira SRC. A kula kuma, ƙaramar rajistar jiragen Birtaniya ta SSR ta mazauna ƙasar ce, masu yin aƙalla kwana 185 a shekara a can, don haka mazaunin Kano ko Abuja ya bincika da kyau kafin dillali ya ɗora masa ita.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne jirgi na hannu. A sayi jirgi mai tutar Girka, a sauya masa tuta, amma tsohuwar MMSI na nan cikin rediyon. Idan aka ɗaga jan murfin da ke jikin rediyon aka danne maɓallin neman agaji na daƙiƙa kamar biyar, saƙon zai fita ta tasha ta 70 da lambar tsohon mai jirgin. Masu ceto su buɗe rajista su ga wani suna, su bugi wayar mutumin da ya daɗe da rabuwa da jirgin. Rediyo da yawa sau ɗaya tak suke karɓar lamba daga hannun mai su, sauya ta sai an kai wa wakilin kamfani. Haka za a yi wa na'urar AIS mai nuna wa sauran jirage inda jirgi yake, haka kuma EPIRB, na'urar neman ceto wadda ke aika saƙo ga taurarin ɗan adam na Cospas-Sarsat a kan megahaz 406. Ita ma da lambar ƙasa a cikinta, sai an sake shirya ta, a yi rajistar lambarta mai haruffa da alƙalumma 15 a ƙasar sabuwar tutar, a sa lambobin wayar iyalin da suka san inda jirgin ya nufa. A duba ranar ƙarewar batirinta, tana rubuce a jikinta.

Wajen zaɓen kaya, shawarata ita ce a fara da kafaffen rediyon VHF mai DSC (tsarin da ke aika kiran agaji da danna maɓalli), mai ƙarfin wat 25, wanda ke da GPS a cikinsa. Idan babu GPS, ko wayar haɗa su ta tsinke, kiran agaji zai fita ba tare da ya faɗi inda jirgi yake ba. Oba-oba ta hannu, mai wat 5 ko 6, mataimakiya ce kawai, ta shiga jakar gaggawa. Lasisin Ofcom na oba-oba ita kaɗai a ruwan Birtaniya kawai yake aiki, saboda haka a jera ta cikin babban lasisin jirgin.

Kada arha ta ja mutum ya yo odar rediyo daga Amurka don jirgin da ke Bahar Rum. Tsarin wasu tashoshinsu daban ne, Turai kuma na neman alamar CE, shaidar cika ƙa'idojinta. Wanda zai shiga kogunan Turai kamar Rhine yana buƙatar lambar ATIS, shaidar da rediyo ke aikawa duk lokacin da aka yi magana; ga jirgi mai tutar Birtaniya, 9 ce a gaban MMSI ɗinsa.

Nisan da murya za ta kai ya fi dogara da tsayin eriya fiye da tsadar rediyo, domin VHF a miƙe yake tafiya. Doguwar siririyar waya irin RG-58 tana cinye ƙarfi kafin ya kai kan sandar jirgi, RG-213 ta fi. Jirgin da aka bari wata da watanni, danshin gishiri kan shiga mahaɗar eriya har jan ƙarfen ya koma kore, rediyo na kunnuwa lafiya lau amma muryar ba ta zuwa ko'ina. Kafin a kwance igiya a kwance mahaɗar a duba, sannan a gwada kira da ofishin tashar jiragen a kan tasharsu ta aiki, a bar tasha ta 16 ga masu neman agaji.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin sadarwar jiragen ruwa, Legas