Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Jiwa Kan Rashin Intanet A Makarantun Gwamnati

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu iyayen yara mazauna Jiwa, Gwagwa da Karmo mun kawo kukanmu gaban uba.

Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda, sai ta kwamfuta. WAEC ma ta fara tata a 2024. Amma a makarantun gwamnati da 'ya'yanmu ke zuwa, da alli malami yake zana kwamfuta a allo, yara su kwafa a littafi, su haddace sunayen sassanta. Da yawansu sai ranar jarrabawa suke fara ɗora hannu a kan ta gaske. Yaro yana lalube yana neman harafi, lokaci yana ƙurewa, ga amsar a kansa. Mai hali yakan biya shago ɗansa ya koya. Mai turin baro da mai ga-ruwa fa? 'Yan mata sun fi shan wahala, don ba uban da zai bar 'yarsa a shagon kwamfuta bayan magariba. Kuɗin data kuma ya tashi tun ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince da shi a Janairun 2025.

Abin da ya fi ci mana rai, a Abuja muke: ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Hedikwatar hukumar sadarwa ta NCC tana nan Maitama, kuma a ƙarƙashinta akwai asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin kai sadarwa wuraren da aka bari a baya, har da makarantu. Mu talakawa ba mu san ƙofar ba, amma idan Sarki ya ƙwanƙwasa za a buɗe.

Muna roƙon Mai Martaba ya kai maganarmu ga shugaban ƙaramar hukumar AMAC, da hukumomin ilimi na Abuja, da wannan asusu, a haɗa makarantunmu da intanet mai sauri. A haɗa da sola, don wuta ba ta da tabbas, da malamin da ya iya, da kuɗin sabunta layi duk shekara. Ba ma son a jibge kwamfutoci a ɗaki, a ɗauki hoto, a garƙame.

Mu kuma mun ɗauki alkawarin gadin kayan dare da rana, tare da 'yan sintirin unguwanninmu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Naka masu biyayya,
Iyayen yaran makarantun gwamnati na Jiwa, Gwagwa da Karmo