Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi Kan Tsadar Mai, Kuɗin Mota Da Haya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, mu magidanta da mata masu sana'a da matasan Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Sawaba muka kawo kukanmu fada, domin muryarka tana kaiwa inda tamu ba ta kaiwa.

Sarki ya san abin da muka sha a 2022. Sidi, kuɗinmu na Ghana, ya faɗi warwas, litar dizal ta haura sidi 23 a watan Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Tun 2015 da gwamnati ta cire hannunta daga ƙayyade farashin mai, duk mako biyu ake sake shi, yana bin dala da kasuwar duniya. Wannan ba a hannun Sarki yake ba, mun sani. Kukanmu a kan abin da muke yi wa junanmu ne. In mai ya tashi da safe, kafin azahar komai ya bi shi, in kuwa ya sauka babu abin da ke saukowa.

A watan Mayun 2025 ƙungiyoyin direbobi suka sanar da rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari. Mun yi murna. Amma da yamma ta yi, sai wasu su riƙa yanka hanya gida biyu: mai zuwa Tafo daga Kejetia a sauke shi a tsakiya, ya sake biya kafin ya isa gida. Ba mu ce direba ba ya jin jiki ba, 'ya'yanmu ne da yawansu. An ƙara harajin sidi 1 a kowace lita a Yulin 2025, kayan gyaran mota a kasuwar Suame Magazine kuma ba su da sauƙi. Duk da haka bai kamata talaka ya biya tafiya ɗaya sau biyu ba.

Sarki ya dubi mai koko da ƙosai a bakin hanya. Geronta daga arewa yake zuwa, wake daga Ejura ko Techiman, gawayi daga wajen Kintampo, kowanne da kuɗin dizal a kansa, ga mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da zai kawo mata buhu ƙofar gida. Ba ta iya ƙara kuɗi, don masu sayenta 'yan makaranta ne da leburori. Sai ta rage ludayi, ƙosai ya ƙanƙance, yaro ya sha ya tashi bai ƙoshi ba, ita kuma jarinta na zagwanyewa. Gidaje da dama an jingine tukunyar gas a lungu, an koma murhu.

Haya ta fi komai ci mana tuwo a ƙwarya. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma ana neman na shekara biyu a dunƙule kan ɗaki ɗaya. Mai tuƙa pragya, keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, da sai ya cika kuɗin mai keken ya sayi fetur kafin ya sami na cefane, ina zai samo wannan? Kuma masu gidajen nan da su muke sahu ɗaya a masallaci.

Don haka muna roƙon Sarki ya kira shugabannin ƙungiyar direbobi ta GPRTU na tashoshinmu tare da wakilan majalisun Kumasi da Asokore Mampong, a liƙa kuɗin kowace hanya a tasha inda kowa zai gani, a kuma hana yanka hanya. Muna roƙon a tara masu gidajen haya na Zango a gaban sarakunan ƙabilu da limamai, su amince da wata shida ko biyan wata-wata, limamai su ja kunne a huɗubar Juma'a. A ba wakilanmu rana su zo fada, musamman mata, su yi bayani da bakinsu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Naka masu biyayya,
Mazauna Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Sawaba, Kumasi.