A naɗi labarin 'yan mazan jiya tun suna raye

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke cina tun rasuwar kawuna. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, wanda su ba sa kiransa komai sai yaƙin Ojukwu. Daga gona ya shiga kurtu a 1967, aka jefa shi runduna ta biyu ta Murtala Muhammed, wadda aka harhaɗa a gurguje bayan sojojin Biyafara sun kutsa yankin Midwest, wato jihohin Edo da Delta na yanzu, a watan Agusta. Da igiya biyu ya fito, kofur, sai tabon harsashi a cinya.

In ya zauna kan tabarma bayan isha'i muna yara yakan ba mu labarin ƙetare Kwara daga Asaba zuwa Onitsha a watan Oktoba, an karya gada, sai jiragen ruwa, kuma mafi yawansu yaran Arewa ne da ko iyo ba su iya ba, ga bindiga ga kaya a wuya ga wuta daga wancan ƙetaren, ya ce wanda ya faɗa ruwa shi ke nan. Yana zuwa nan yake yin shiru ya ɗauki carbi. Abagana kuwa, inda aka ƙone musu ayarin motoci a Maris ɗin 1968, sau ɗaya tak na ji ya ambata. Wallahi ko a takarda ban rubuta ba, waya na hannuna shekara da shekaru ban taɓa danna rikodin ba. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, lambar girma muka samu da hoto guda, su biyar cikin kaki, babu wanda ya san sunan sauran huɗun.

Manyan hafsoshi sun rubuta nasu. Obasanjo ya fitar da littafinsa a 1980, Madiebo na ɓangaren Biyafara ma haka, Alabi-Isama ya zo daga baya yana musanta abubuwa da dama da Obasanjo ya faɗa. Duk da Turanci, kuma duk idon oga ne. To ina na kurtu da saje? Ina tarihin bataliyoyin runduna ta ɗaya ta Janar Shuwa da ta kama Enugu, da harshen da yawancin sojojin ke yi a bakin daga?

Kuma ba jarumta kaɗai nake so a naɗa ba. An kashe farar hula a Asaba a Oktoban 1967, mutanen garin har gobe suna juyayi, ya kamata mu ji daga bakin waɗanda suka gani ko da ba daɗin ji.

Wanda ya shiga yana ɗan ashirin yanzu ya doshi tamanin. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a yi fareti a ajiye furanni a watse, su kuma suna can suna bin layin fansho. Roƙona ga Gidan Arewa da ke Kaduna da sassan tarihi na jami'o'inmu, su haɗa kai da ƙungiyar tsofaffin sojoji su tura ɗalibai gida-gida. Ku ma Edita ku ware shafi ko sau ɗaya a wata, dattijo ɗaya, da Hausarsa yadda ya faɗa. Akwai guda biyu a unguwarmu, ni zan raka wakilinku har zaurensu.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya