Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: ku sama mana sunayen farfaɗiya da harshenmu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa, ga abin da ke tafe da ni.

Ɗan ƙanwata shekararsa bakwai. Yana cikin magana sai ya tsaya cak, ido a buɗe, kamar sakan goma, ko sunansa ka kira ba ya ji, sai kuma ya dawo ya ci gaba da maganarsa. Sama da shekara yana shan duka a makaranta wai ba ya mai da hankali. Da muka kai shi asibiti aka liƙa masa wayoyi a kai, gwajin EEG kenan, likita ya faɗi sunan ciwon da Turanci, ya rubuta magani muka fito. A hanya uwar take tambayata, yaron da ba ya faɗuwa ba ya kumfa, ta ina ya zama mai farfaɗiya? Wallahi na kasa ba ta amsa. Da ta ga ya samu sauƙi sai ta daina ba shi maganin, abu ya dawo.

Yallaɓai kai ma ka sani farfaɗiya iri-iri ce, akwai mai tasowa daga gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa, akwai mai kama ɓangarorin biyu tun farko, kowacce da sunanta a wurin likita. Jijjigar da zazzaɓi ke sa ƙananan yara ma daban take. Duk jijjigar da ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba kuwa a garzaya asibiti ne don tana kisa, to uwa nawa aka taɓa yi wa wannan bayanin da harshen da take ji? Mu kalma ɗaya muke da ita, sauran sai a ce iska ce.

A watan Mayun 2022 ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, suka amince da shirin farfaɗiya da cututtukan ƙwaƙwalwa na 2022 zuwa 2031, kuma wayar da kan jama'a na ciki. Ita WHO ɗin ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina jijjiga in sun samu magani daidai. Mutum zai dage da shan maganin ciwon da bai gane ba?

Don Allah ku haɗa likitocin ƙwaƙwalwa da malaman harshe su zauna su fitar da sunayen nan, a buga a raba wa asibitoci da makarantu. Tsadar magani da ƙarancin likitoci ma suna nan, amma a fara da wannan, ranka ya daɗe.