Tace baƙin mai ba ya mayar da shi man inji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi magana kan tsohon baƙin man da ake saya daga garejin makanikai, a tace, a dawo da shi kasuwa. Sana'ar ba laifi ba ce, yadda ake yin ta ne abin dubawa.

Matakin farko shi ne a bar man ya kwanta a duro kwana biyu ko uku, a tace ɓarɓashin ƙarfe, sannan a dafa shi zuwa digiri 110 ko 120 a ma'aunin Celsius har ruwan ciki ya ƙone. A nan da yawa ke yin gaggawa. In ruwa ya rage, sinadarin da za a zuba ba zai raba datti da mai sosai ba. Haka nan in an haɗa shi da man birki ko ruwan rediyeta tun a gareji, duron ya riga ya ɓaci.

Bayan ya huce sai a zuba sinadari mai narkarwa, butanol ko MEK, lita uku zuwa huɗu ga kowace litar mai. A motsa kamar rabin awa, a bar shi ya kwana. Sinadarin yana narkar da lafiyayyen man, baƙin guggubi ya zauna a ƙasa kamar kwalta. A tsiyaye na sama, a ɗumama a rufaffiyar tukunya, a kama tururin sinadarin ta bututu mai sanyaya don a sake amfani da shi. MEK yana tafasa a digiri 80, butanol a 118. Wanda ya ɗora wannan tukunya a kan murhun itace gobara yake nema, domin tartsatsi kaɗan ya ishi tururin MEK. In kuma sinadarin bai fita duka ba, man zai tsinke, ya rasa kauri da zarar inji ya ɗau zafi.

Daga ƙarshe ana gauraya shi da farar laka, bentonayit, a tace, launi ya washe. Wannan launin ne ke ruɗin mai saye. Abin da ya fito gundarin mai ne kawai, aikin ya kwashe sinadaran da ke hana cin ƙarfe da masu wanke inji. Sai an zuba sababbi bisa awo, an gwada kauri, kafin ya shiga galan. In ba haka ba, ɗan acaɓa zai yi sabis da shi, inji ya buga.

Ina roƙon hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta riƙa ɗaukar samfur a kasuwanni tana gwadawa, hukumar kare muhalli ta NESREA kuma ta bi sawun inda ake zubar da guggubin, don akwai dalma da sauran ƙarafa masu guba a cikinsa.

Naku,
Mai karatu daga Kano